Shekarar da Aka Girbe Shinkafa a Cikin Jirgi

Me maigidana ya faɗa wa Mushe Isufu a cikin jirgi, ran da suka shiga fadama su biyu suka bar mu tsaye a bakin ruwa? Na tambayi Mushe, haka muke kiran malamin boko a nan, kafin ya rasu, ya ce in tambayi mijina. Na tambayi mijina, ya yi dariya ya ce in kawo masa ruwan sha. Yanzu su biyun suna kwance a maƙabarta ɗaya, ni kuma ina nan da tambayata.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Ɗiyata Ramatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. Ban daɗe da fita takaba ba. Wannan ce kaka ta fari da shinkafa ta nuna a fadamar Malanbil ba ya nan. Da hantsi iska na kawo ƙamshinta har tsakar gida, sai in ji kamar zan ga ya shigo da laka har gwiwa yana neman buta. Ga kuma hotunan 'yan takara an sake manna su a bangon kasuwa, samari na musu a bakin titi kan wanda parti zai tsayar. Shinkafa da zaɓe sun sake haɗuwa, shi ya sa waccan shekarar ta dawo mini.

Ba zan faɗi sunan mijina ba, ban faɗa ba yana da rai. Mutane na ce masa Sarkin Gayya. Gangar gayya a ɗakinsa take rataye. In ya sa aka buga ta, mazan unguwa su fito da fartanya ko lauje su yi wa mutum ɗaya aiki, gobe a koma gonar wani, mai gona ya ciyar. Noma bi da bi ake yin sa. Amma girbi yana da tasa doka tun kakanni: gonar da ruwan gulbi zai fara taɓawa ita ake fara yanka, ko ta wace ce.

Shekarar ta zo da yunwa. Shekarar da ta gabace ta an yi fari, rumbunmu ya ƙare tun bazara. Zafi ya yi zafin da kwanon rufi ke ƙara da rana, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, akuya ta kwanta gindin bango ta ƙi tashi ko an kore ta. Da safe in dama kunu mai ruwa-ruwa. Da rana mu jiƙa garin rogon da ake kawowa daga kudu, mu barbaɗa ƙuli-ƙuli. Da marece tafasa ce da rama, gishiri da barkono su rufa mata asiri. Ruwa ya makara, muka yi ta duban gabas. Ran da ya sauka, ban shiga ɗaki ba, na tsaya ya jiƙa ni sharkaf, ƙamshin ƙasa na shiga mini har ƙirji.

A wannan shekarar aka ce daga yanzu mu da kanmu za mu zaɓi waɗanda za su zauna a meri, ofishin hukuma, su riƙe gari. Unguwarmu ta bakin gulbi kusan duka parti ɗaya muke. Ɗaya partin ya tsayar da wani mai manyan motoci, muna ce masa mai kamiyo. Bai ɓoye nufinsa ba. Ya ce fadamar da ke kusa da hanya za a cike ta da jar ƙasa, ta zama wurin kwanan motocin da ke jiran ƙetare gada zuwa Gaya. Ya ce shinkafa ai ana sayen ta a kasuwa. Gonakinmu ke nan yake nufi. Kowa ya san in ya shiga meri, fadama ta tafi.

Da mun tsaya wuri ɗaya, ba zai ko matso kusa da mu ba. Amma mutum biyu suka fito daga cikinmu, kowa na son parti ya tsayar da shi. Ɗaya Mushe Isufu ne, malamin lakwal, abokin maigidana tun suna kiwon awaki. Ɗaya Alhaji Bawa ne mai albasa, maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu. Maigida ya bi Mushe.

Aka yi zama na fari a rumfar 'yan albasa. Maigida ya tashi zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Sarkin Gayya, kai da ganga anka san ka. Bari manya su gama, a kira ka ka buga muna."

Aka yi dariya. Ya dawo gida ya ture kwanon tafasa ya juya fuska bango.

Daga nan abu ya ƙi ƙarewa. A zauna a tashi baram-baram, a sa wata rana. Aka tura mutane Kandi wurin manyan parti, suka dawo kowane ɓangare na cewa shi aka ba takara. Aka tafi Paraku, aka tafi har Kwatano. Kowace ranar kasuwa da sabon labari. Mutanen Alhaji suka ce Mushe ba ya da komai sai farar ƙasar rubutu a aljihu. Mutanen Mushe suka ce Alhaji in ya shiga meri sai an buɗe tagogi saboda warin albasa. Da fari muna dariya. Daga baya aka fara tono asalin uwaye, dariya ta ƙare. Duk wannan lokacin mai kamiyo na bin unguwa-unguwa, ba ya rasa suna, ba ya rasa zaman makoki, namu kuwa suna can suna cin naman juna.

Lokacin noma ya zo, aka buga ganga, rabin maza suka fito. Sauran suka ce ba za su duƙa a gonar wanda ya zagi Alhajinsu ba. Ciyawa ta fi shinkafa tsawo a wasu gonakin. Ni da kaina na ɗaure zane na shiga laka ina cira da hannu, sauro na cin wuyana, cikina ba komai sai kunun safe.

Mu mata namu rabon ya zo ta kwano. Ni da Hajiya Balki, matar Alhaji, tun muna amare kwano ke yawo tsakaninmu ta kan katanga. In ta yi miyar kifi ta miƙo, in na yi dambu in miƙa. A wurinmu ba a maida kwanon maƙwabci wofi, ko ɗan gyaɗa ne sai ka sa. Jajiberin zaman rumfar albasa ta miƙo mini samira mai shuɗin murfi cike da miya. Kafin in sami abin da zan sa a ciki, mazanmu sun ɓata. Maigida ya ce kada abincin gidansa ya ƙetare katangar nan. Ba zan maida wofi ba, ba a bar ni in cika ba. Kwanon ya zauna bisa jerena damina guda. Kullum in goge shi in mayar. Ina jin tarin Hajiya ta bayan katanga, tana jin dakana, ba mai cewa sannu.

Sai da ruwan sama ya ɗauke manyan parti suka yanke. Suka ba Alhaji. Mutanensa suka yi ta yawo bisa babura suna busa ƙaho a ƙofar Mushe. Mutanen Mushe suka taru a zaurenmu, Tanko mahauci ne mai babbar murya cikinsu.

"Wallahi gara mai kamiyo," in ji shi. "Ya cike fadamar, kowa ya rasa."

"Kai ba ka da gona ciki, Tanko," wani ya ce masa.

"Ina da zuciya."

Maigida bai tsawata ba. Da na kai musu ruwa na ji ya ce, "Hannuna dai ba ya jefa ma Bawa ƙuri'a. Ran zaɓe ina gona." Zaɓe saura kaɗan, bayan Salla za a yi. Yaran mai kamiyo har sun fara zuwa bakin fadama suna nuna nan da can da hannu, kamar masu auna gadon ubansu.

Azumi ya kama, shinkafa ta sunkuya ta yi ja. Sai gulbi ya fara tashi. Mu nan mun san ruwa biyu: jan ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke zuwa daga nesa bayan an daina ganin hadari. Baƙin ruwa ba ya ƙara, ba ya gaggawa, sai dai ka kafa kara da marece ka tarar ya nutse da safe. Wannan shekarar ya zo da wuri. Kuma gonar da ke can ƙasa, wadda zai fara ci, ta Alhaji Bawa ce. Alhaji ya nemi 'yan ƙwadago bai samu ba, kowa na tsoron tasa.

Da hantsi aka taru a bakin fadama, mu mata muna baya da tabarmi da faifai. Mutanen Mushe gefe guda, na Alhaji can nesa gindin giginya, ba mai duban wani. Hannun ɓangare ɗaya ba zai tsere wa ruwan nan ba, kowa ya gani.

"A fara da namu," in ji Tanko. "Tasa a bar ma kifi. Su ma suna da ƙuri'a, su zaɓe shi."

Aka yi shewa. Aka juyo ana duban maigida, ganga na rataye a kafaɗar makaɗi ana jiran ya ce a buga. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ni na san bai manta da rumfar albasa ba. Ya daɗe yana duban ruwa, sannan ya ce da Mushe, "Isufu, taho mu ga inda ya kai."

Suka ari jirgin wani Basarke masunci, maigida na tura gora, Mushe na zaune da farar rigarsa da takalmin lakwal. Suka yi nisa har muka daina jin motsin gorar. Muna hango su tsakiyar gonar Alhaji, jirgin ya tsaya. Maigida na magana, Mushe ya sunkuyar da kai. Can Mushe ya ɗaga hannu kamar mai faɗa, can kuma muka ga kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Da suka dawo, Mushe ya cire takalmi ya ajiye a kan tudu, ya naɗe wando.

"Wa ke da lauje biyu?" ya ce.

"Mushe, mi za ka yi da lauje?" in ji Tanko. "Rabonka da shi tun kana da gashi."

"Doka ta ce daga ƙasa ake farawa. Ni na faɗi takara, ban faɗi daga unguwa ba. Ba ni lauje."

Maigida ya dubi makaɗi, ganga ta tashi. Mushe ya shiga ruwa shi kaɗai ya nufi gonar mutumin da ya kayar da shi. Ba wanda ya iya tsayawa yana kallon malamin da ya koya wa 'ya'yansa karatu yana tuntuɓe cikin laka. Ɗaya bayan ɗaya suka bi. Tanko ne na ƙarshe, yana tafe yana zagi. Mutanen gindin giginya kunya ta kama su, suka sauko da gudu.

Ban taɓa ganin aiki irin na kwanakin nan ba. Ruwa har ƙugu. Ba a yanka daga gindi, kan zangarniya kawai ake kamawa a yanke a jefa cikin jirgi. Sarkawa suka kawo jiragensu ba a roƙe su ba. Matsattsaku na manne wa maza a cinya, su fizge su ci gaba. Rana ta take, ruwa kewaye da mutum ta ko'ina, leɓensa ya bushe ya tsage, ba halin kurɓa. Mu a tudu muna sauke jirage, muna buga dami a jikin tano, gangar ƙarfe, muna sheƙa, ƙaiƙayi na shiga ido da wuya, yunwa na murɗa ciki.

Alhaji ya iso da azahar cikin babbar riga. Ya tsaya ya ga wanda ke cikin gonarsa. Ya tuɓe rigar ya shiga, taku kaɗan santsi ya kwashe shi ya nutse har hula.

"A duba bakinsa," Tanko ya ce, "kada ɗan takara ya sha azumi da wayo."

Dariyar da aka yi ran nan ita ce ta fari da unguwarmu ta yi tare tun farkon damina. Alhaji ya taso yana tofar da ruwa, shi ma yana dariya. Ya matsa kusa da maigida.

"Sarki, na yi maka ba daidai ba a rumfa."

"Kama wancan dami, Bawa, shina tafiya," maigida ya ce. Iyakar amsar da ya ba shi ke nan.

Abincin gayya da rana ake ci, kowa ya ci ya watse. Amma azumi ne, dole aka jira faɗuwar rana. Ba wanda ke da ƙarfin komawa gida, sai aka shimfiɗa tabarmi a bakin ruwa. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su gaisa ba suka sa hannu a ƙwarya ɗaya, ludayi na yawo daga bakin na Mushe zuwa bakin na Alhaji. Ni kuwa tun la'asar na saci jiki na koma gida. Na sussuka sabuwar shinkafa, na turara ta, na dafa da ɗan man gyaɗa, na sauko da samira mai shuɗin murfi na cika ta har murfin ya ƙi zama. Ban tambayi kowa ba. Na ratsa tsakiyar maza na ajiye ta gaban Hajiya Balki. Maigida ya gani, ya kau da kai yana murmushi.

Hajiya ta buɗe, tururi ya bugi fuskarta.

"Kulu, ashe kwanona na da rai? Na ce ko kin kai shi Gaya kin sai da."

"Wa zai sayi kwano mai lotsattsen gindi, Hajiya?"

"Gidanki ya lotse. Zauna mu ci."

Muka ci muna share hawaye da bakin zane.

Daga gonar Alhaji gayya ta yi ta hawa tudu, ruwa na bin ta a baya. Mutanen Alhaji ba su janye ba da aka gama tasa, shi da kansa ya yanki ta Tanko, ashe dai yana da 'yar gona ta gadon matarsa. Wani yanki na can ƙasa ya nutse, ba a cece shi ba. Tamu ce kusan ta ƙarshe, da aka iso ta ruwa na lasar idon sawu. Rumbuna suka cika. Sallar shekarar nan har almuru ana jin ƙamshin shinkafa a kowane lungu.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Lokaci ya ƙure, mai kamiyo ya riga ya shiga gidaje da yawa tun muna faɗa. Wasu maganganun da aka faɗa a damina ba su goguwa, akwai gidajen da suka tafi ba su dawo ba. Kwanakin da suka rage Mushe ya riƙa bin Alhaji ƙofa-ƙofa, suna tafe suna gardama. In an buɗe musu Mushe ya ce, "Ga shi nan, bai iya magana ba, amma ba zai sai da fadama ba. Ku jefa mai." Alhaji ya ce, "Kun ji irin yabon da nike samu."

Ran zaɓe maigida bai tafi gona ba. Ya sa rigarsa ta Salla, muka jera da shi har filin lakwal. Da marece aka zazzage akwati a gaban kowa, ana ɗaga takarda ana kiran suna. Mai kamiyo ya wuce, Alhaji ya kamo shi, ya sake wucewa. Hajiya ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga mini fata. Da aka ɗaga ta ƙarshe, Alhaji ne a gaba. Masu ƙuri'un da suka raba shi da mai kamiyo ba za su cika jirgi ɗaya ba. Da gayyar nan ba ta yiwu ba, da yau motoci ke kwana inda uwayenmu suka yi noma.

Ni na fara guɗa. Ban san ina da murya haka ba. Aka ɗauki Alhaji a kafaɗa, ya ce a sauke shi a ɗauki Mushe, Mushe ya ce shi a bar shi ƙasa ya gaji da faɗuwa. Aka ɗauko gangar gayya, wannan karon Alhaji ne ya roƙi maigida ya ba da izinin a buga. A meri Alhaji ya haɗa baki da manoman da aka zaɓa daga ƙauyukan Madikali da Tumbutu na kusa da mu, maganar cike fadama ta mutu. Wurin motoci can bisa tudu aka yi shi.

Yanzu injin ke jan ruwa, wani injin ya sussuke shinkafar wuni ɗaya. Samari sun fi son kabu-kabu da lauje. Gangar tana nan rataye, fatarta ta saki. Amma fadama na nan kore shar har bakin gulbi, jikokina daga ita suke ci. Alhaji ya rasu, Mushe ya bi shi. Hajiya Balki na nan, ido ya tafi, baki bai tafi ba.

Farkon daminar bana ciwo ya kwantar da maigida. Ran da zai tafi, an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, ya farka da sauƙi har ya ce a jingina shi. Hajiya ta aiko da kunun gyaɗa, ya sha ludayi biyu. Na ga ya yi haske, sai na ce bari in gwada sa'ata.

"Malam, don Allah, mi ka ce ma Mushe cikin jirgin nan?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ba ta da ƙarfi. Na zaci zai faɗa. Sai idonsa ya sauka kan kwanon da ke gefen tabarma, murfinsa duk ya kankare, shuɗin saura kaɗan. Ya dafa hannuna.

"Kulu, kwanon Balki ne wanga. Ki sa mata wani abu ciki kafin ki maida."